Ido Ba Mudu Ba Ne



Hausawa na cewa ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Duk wanda ya taɓa shiga kasuwar Dawanau ya san gaskiyar wannan magana. Dattijon da ya tsufa a kan awo zai dubi tsibin gero ya ce maka kwano kaza ne, kuma da wuya ya yi nisa da gaskiya. Amma ko shi, in aka zo wajen biyan kuɗi, sai an ɗauko kwanon an auna, domin babu mai sayen hatsi da kintace. To, yau ina so mu leƙa wani wurin da ido ya daɗe yana yin aikin mudu, wato ɗakin binciken kimiyya, mu ga su wane ne ya kamata su riƙe kwanon awon, da kuma yadda za a koya musu riƙe shi.

Kwanakin baya na shiga ɗakin gwaje-gwaje na wata jami'a, na tarar da wata ɗaliba mai digiri na biyu ta duƙufa a gaban kwamfuta. Ta yanka hantar ɓeraye falle-falle, ta rina ta, ta ɗauki hotuna ta cikin madubin likita, wanda 'yan boko ke kira maikuroskof. Abin da take nema shi ne ta san ko wani ganyen magani yana rage lalacewar ƙwayoyin hanta. Yadda take ƙirgen ne ya tsayar da ni. Tana nuna kowace ƙwaya da marfin biro a fuskar kwamfutar, tana ja wa kowace sanda ɗaya a littafin rubutu, in sanduna sun kai huɗu ta gitta ta biyar. Hotunan suna da yawa ƙwarai, ta ce ta shafe makonni a kai. Na ce mata, 'yata, idan kika sake ƙirga wannan hoton gobe, adadi ɗaya za ki samu? Ta yi shiru jim kaɗan, ta ce, wallahi Malam, wani lokacin sai in ga bambanci, musamman in na gaji. Wannan yarinya ba ragguwa ba ce, haziƙa ce, kuma amsar da ta ba ni amsar mai gaskiya ce. Abin da ya dame ni shi ne, kwamfutar da take nuna wa marfin biro tana iya yin wannan ƙirgen, da manhajar da ba a biyan ko sisi a kanta, amma har ta kai wannan mataki na karatu babu wanda ya taɓa ambata mata sunan manhajar.

Kafin mu je ga manhaja, sai mun fahimci abin da ake nufi da hoto a wajen kwamfuta, domin nan ne darasin farko yake, kuma nan ne mutane da yawa ke tuntuɓe. Mu idan mun kalli hoto, siffa muke gani: ga zagaye, ga ja, ga shuɗi. Ita kuwa kwamfuta lambobi kawai take gani. An raba hoton gida-gida kamar gurabun dara, kowane ƙaramin gida ɗigo ne da ake kira fiksel, kuma kowane ɗigo yana riƙe da lamba mai nuna yawan hasken da ya faɗo masa. A hoto na yau da kullum lambar tana tashi daga 0, baƙi ƙirin ke nan, zuwa 255, fari fat. Matakai 256 ke nan. Kyamarorin bincike kuwa sukan ajiye hoto a tsarin da ke iya ɗaukar matakai har 65,536. Idon ɗan Adam ba ya iya rarrabe ko kusa da haka. Bayan wannan ma, ido yana da son kai: toka-toka ɗaya tak, in ka ɗora ta a kan baƙi sai ka ga ta yi haske, in ka ɗora ta a kan fari sai ka ga ta yi duhu. Saboda haka masanin da ya ce wannan ƙwayar ta fi waccan haske don ya kalle su, shaidar ido ya kawo. Wanda ya karanta lambobin da ke cikin ɗigogin ya kawo abin da wani zai iya sake aunawa ya gaskata shi ko ya ƙaryata shi.

A da can babu wannan zaɓin. Robert Hooke da ya wallafa littafinsa a Landan a 1665, zana abin da ya gani ya yi da hannu. Haka shi ma Alphonse Laveran, likitan sojan Faransa da ya fara ganin ƙwayar cutar maleriya a jinin wani majiyyaci a asibitin garin Kusantina na Aljeriya a 1880, zane ya yi, kuma ya ɗauki shekaru kafin manyan masana su yarda cewa abin da ya zana ɗin halitta ce mai rai. Yau matsalar ta juya. Madubin zamani mai sarrafa kansa kana iya barinsa da magariba, ka dawo da safe ka tarar ya ɗauki dubban hotuna. Ganin ya yi yawa, masu awon ne suka yi kaɗan.

Kayan awon kuwa suna nan, kuma labarinsu mai daɗin ji ne. Wani ma'aikacin Cibiyoyin Binciken Lafiya na Amurka mai suna Wayne Rasband ya rubuta wata manhajar nazarin hoto a 1987, sannan a 1997 ya fito da magajiyarta mai suna ImageJ, wadda ke aiki a kusan kowace irin kwamfuta. Ya bar ta kyauta, kowa ya ɗauka, kowa ya ƙara mata abin da yake buƙata. Ko bayan da ya yi ritaya bai daina kula da ita ba. Daga baya wasu masana, ciki har da Johannes Schindelin da Pavel Tomancak a birnin Dresden na Jamus, suka tattara ta tare da ƙarin kayan aiki masu yawa a ƙunshi guda, suka sa masa suna Fiji. A Amurka kuma, Anne Carpenter, wadda ta rasa yadda za ta auna girman ƙwayoyin halittar ƙuda a dubban hotuna, ta haɗa kai da wani ɗalibin kimiyyar kwamfuta, Thouis Jones, suka samar da CellProfiler a 2005. Akwai QuPath, wadda Pete Bankhead ya rubuta a Jami'ar Queen's da ke Belfast domin masu binciken tsokar jiki, irin masu duba ciwon daji, waɗanda hoto ɗaya nasu kan yi girman da kwamfuta ke nishi kafin ta buɗe shi. Duk waɗannan da na ambata kyauta ne. In ka sauke Fiji sau ɗaya, kana iya zuba ta a filashi ka raba wa aji guda, ba sai da intanet ba.

Na tsaya a kan wannan ne saboda mun saba, da an taɓo koma bayan kimiyya a ƙasashenmu, sai a ce babu kuɗi. Sau da yawa gaskiya ne. Madubi mai kyau yana da tsada, sinadaran rini da dala ake sayo su, wuta sai da janareta ko sola. Amma a wannan fanni guda, kayan aikin da masani a Landan ko Boston yake amfani da su, su ne dai ɗalibi a Zariya ko Maradi zai iya samu yau da yamma. Abin da ya raba su shi ne wancan yana da wanda zai zauna kusa da shi ya nuna masa, wannan kuwa ba shi da shi.

To me ake koyarwa? Kada wani ya ɗauka latsa maɓalli ne. In latsa maɓalli ne, da awa biyu ta isa.

Ana farawa da ma'auni. Kwamfuta ba ta san mita ba, ɗigo ta sani. Sai ka gaya mata ɗigo nawa ne ya yi maikiromita ɗaya, wato kashi ɗaya cikin dubu na milimita. Jar ƙwayar jini faɗinta maikiromita 7 zuwa 8 ne. In ɗalibi ya auna ta manhaja ta ba shi 70, ya kamata gabansa ya faɗi nan take, ya san an yi kuskure wajen saita ma'aunin, wataƙila an canza gilashin ƙara girma ba a gyara lissafin ba. Wanda bai san jini ba zai kwafe 70 ɗin ya zuba a kundinsa. Shi ya sa nake ganin masanin halittu ne ya kamata a koya wa kwamfuta, ko kuma a zaunar da shi da ɗan kwamfuta a benci ɗaya, domin kowannensu shi kaɗai makaho ne ta ido guda.

Daga nan sai babban aiki, wato shata iyaka. Dole a gaya wa kwamfuta ina ƙwaya ta fara, ina ta ƙare, wane ɗigo ne nata, wane ne na fili. Hanya mafi sauƙi ita ce a zaɓi wata lamba a ce duk ɗigon da ya haura ta na ƙwaya ne, wanda ya gaza ta fili ne. A manhajar akwai ɗan maɓalli da kake ja dama ko hagu, kana gani ƙwayoyin suna kumbura ko suna motsewa. Masu sauraro, a nan ne amanar mai bincike take fuskantar jarrabawa. In ka ja shi kaɗan zuwa hagu a hotunan ɓerayen da ka ba magani, ka ja shi kaɗan zuwa dama a na waɗanda ba ka ba ba, sai maganinka ya yi aiki a takarda alhali bai yi komai a hanta ba. Kuma ba sai mutum ya yi niyyar ha'inci ba. Zuciya tana son abin da take so, hannu kuma yana bin ta ba tare da ya yi shawara da kai ba. Wannan daidai yake da mai awon da ke cika kwano ya yi masa tozo in zai saya, ya shafe bakinsa in zai sayar. Maganin abin shi ne a tsayar da ƙa'ida guda kafin a ga sakamako, a bi ta a kan kowane hoto. Akwai hanyoyin lissafi da ke zaɓar lambar da kansu, sananniya a cikinsu ita ce wadda wani Bajapane, Nobuyuki Otsu, ya wallafa a 1979. Malami nagari kuma zai koya wa ɗalibi ya sa wani ya ɓoye masa sunayen hotunan, ta yadda zai yi awon bai san wane hoto ne na wane rukuni ba sai ya gama.

Sai kuma ƙwayoyin da suka manne da juna, kwamfuta ta ƙirga biyu ko uku a matsayin ɗaya. Akwai dabarar raba su da aka aro daga yadda ruwan sama ke gangara: ka ɗauka kowace ƙwaya kwari ce, ruwa yana taruwa a cikinta yana hawa, inda ruwan kwari biyu ya haɗu nan ake ja layi. Tana aiki sosai a kan abubuwa masu zagaye. A kan ƙwayar jinin mai sikila kuwa, wadda ta miƙe ta lanƙwashe kamar lauje, tana iya tsinka ɗaya ta mai da ita biyu. Wanda aka horar zai ɗora layukan da kwamfuta ta ja a kan hoton asali ya duba da idonsa kafin ya yarda da adadin.

Akwai wani abu da nake roƙon duk malamin jami'a da ke jina ya gaya wa ɗalibansa gobe da safe. Ku daina tura hotunan bincike ta WhatsApp a matsayin hoto. Na san dalilin da ya sa ake yi: ɗalibi ya kara wayarsa a bakin madubi ya ɗauka, ya tura wa malaminsa, malam ya tura wa wani. Amma manhajar tana matse hoto don ya yi sauƙin tafiya, kuma matsewar nan canza lambobin da ke cikin ɗigogin take yi. Ido ba zai ga bambanci ba, awo kuwa ya riga ya gurɓata. Haka ma ajiye hoto a tsarin JPEG, shi ma zubar da wani sashe na bayanan yake yi, kuma abin da ya zube ba ya dawowa. Hoton bincike a tsarin TIFF ake ajiye shi, ko a tsarin da madubin ya fitar da shi tun asali, a kuma adana na asalin a wuri guda ba a taɓa shi, a yi aiki da kwafi. Sannan tun wajen ɗauka, in haske ya yi yawa har ɗigogi suka cike suka tsaya a 255, to an yi asarar wurin, kamar kwanon da ya cika yana zuba, ba ka san nawa ya zube ba. Babu manhajar da za ta gyara wannan. Shi ya sa horon kirki yake farawa daga gaban madubi, kafin a zo gaban kwamfuta.

Wani zai ce ai wannan duk tsanani ne. To ku ji. A 2016 wata masaniyar ƙananan halittu 'yar ƙasar Holan, Elisabeth Bik, da abokan aikinta biyu sun wallafa sakamakon duba maƙalun kimiyya 20,621 da aka buga a mujallu 40. Sun samu kusan 4 cikin 100 suna ɗauke da hotunan da aka maimaita ta hanyar da ba ta dace ba, wasu bisa kuskure, wasu kuwa da alamar ganganci. Manyan mujallu sun daɗe da farga. Mujallar Journal of Cell Biology ta fara tantance hotunan da ake aiko mata tun 2002. Ɗalibinmu da ya goge wani ɗan tabo a hotonsa don ya yi kyau, ko ya ƙara wa gefe ɗaya haske, yana iya jawo wa kansa da jami'arsa zargin maguɗi alhali shi a ransa kwalliya ya yi. Ba a gaya masa ba ne cewa in za a ƙara haske, sai a ƙara wa hoton gaba ɗaya, a yi wa abokan gwajinsa daidai da haka, a kuma faɗa a rubuce.

Abin da ya fi burge ni a wannan fanni shi ne ranar da ɗalibi ya gane cewa manhaja tana iya rubuta duk matakan da ya bi, ɗaya bayan ɗaya, ta mai da su jerin umarni. Ya yi aikin sau ɗaya a kan hoto guda, sannan ya ce mata ta maimaita a kan sauran duka. Aikin makonni sai ya koma na mintuna. Saurin yana da daɗi, amma ribar da ta fi shi ita ce wannan jerin umarnin shaida ne. Kana iya miƙa wa mai jarraba kundinka, ko wani masani a wata ƙasa, ka ce ga hotunana, ga yadda na auna, maimaita ka gani. Sai dai a nan ma akwai rami. Da kwamfuta ta ba ɗalibi ƙwayoyi dubu biyar, sai ya ɗauka yana da shaidu dubu biyar, alhali duk daga ɓera ɗaya suka fito. Kwano dubu daga buhu ɗaya labarin buhu ɗaya suke ba ka, ba su gaya maka halin gonar ba. Dole mai koyar da awon hoto ya taɓo lissafin ƙididdiga, in ba haka ba ya ba yaro babur bai nuna masa birki ba.

Yanzu bari mu zo gida, mu ga inda abin ya shafi wanda bai taɓa shiga jami'a ba. Rahotannin Hukumar Lafiya ta Duniya suna nuna Nijeriya ita kaɗai tana ɗauke da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da zazzaɓin cizon sauro a duniya, Nijar kuma tana cikin ƙasashen da cutar ta fi kisa. Duk wanda ya je gwajin jini ya san ana ce masa fulos ɗaya ko fulos biyu. Wannan fulos ɗin kintace ne. Ƙirge na ainihi shi ne ma'aikacin lab ya rina jinin da rinin Giemsa, ya ƙirga ƙwayoyin cutar yana kuma ƙirga fararen ƙwayoyin jini har 200, sannan ya yi lissafi bisa ɗaukar cewa akwai farare 8,000 a kowace maikirolita ta jini. In ya samu ƙwayoyin cuta 150, ya ninka da 8,000 ya raba da 200, ya samu 6,000 a maikirolita. Wannan adadin ne ke nuna ko magani yana cin cutar, kuma da irinsa masu bincike ke gano ko cutar ta fara bijire wa magani. Aiki ne mai cin ido da lokaci. Ka tuna ma'aikaci ɗaya a watan Satumba, layin iyaye mata da yara masu zazzaɓi ya kai bakin ƙofa.

Saboda haka ake ta ƙoƙarin koya wa kwamfuta wannan ƙirgen ta hanyar ƙirƙirarriyar basira. A fannin shata iyakar ƙwayoyin halitta an riga an samu manhajoji irin su StarDist da ta fito a 2018, da Cellpose da Carsen Stringer da Marius Pachitariu suka samar a cibiyar Janelia ta Amurka. Waɗannan ba lamba guda suke bi ba. An nuna musu ɗimbin hotunan da mutane suka zagaye ƙwayoyin da hannu, har suka koyi siffar. Suna aiki ƙwarai, ni kaina na yi mamakin su. Amma irin wannan manhaja abin da aka nuna mata ta sani. Rinin Giemsa yana son ruwa mai ma'aunin tsami 7.2; in aka haɗa shi da ruwan da aka samu, launin sai ya sauya. Ƙurar hunturu tana sauka a kan gilashi. Gurɓataccen rini yana barin ɗige-ɗigen da suka yi kama da ƙwayar cuta. Tsohon ma'aikacin lab ya san duk waɗannan, da kallo ɗaya zai ce wannan datti ne. Manhajar da ta yi karatunta a kan tsaftatattun hotunan wata ƙasa za ta ƙirga dattin, ta ba ka adadi ba tare da ko ɗar ba. Wa zai kama ta? Sai wanda ya san jinin ya kuma san manhajar. Kuma in ana so ta koyi irin gilasanmu, to waɗannan tsofaffin ma'aikatan ne za su zauna su yi wa hotuna alama, wannan cuta ce, wannan ba ita ba ce. Ina jin takaici in na ga an shirya horo an gayyaci masu manyan digiri kaɗai, an bar mutanen da suka shekara ashirin ido a kan madubi.

Turawa ma ba da wannan ilimin aka haife su ba. Sun lura cewa cibiyoyinsu sun cika da madubai masu tsada, hotuna sun taru, masu nazarin su kuwa 'yan ƙalilan ne da ba su da ko sunan sana'a. Sai suka kafa wata haɗaka mai suna NEUBIAS, wadda ta samu tallafin Turai daga 2016 zuwa 2020. Ta riƙa shirya makarantun horo, ta ware na masu farawa daban, na ma'aikatan da ke kula da ɗakunan madubai daban, na ƙwararru daban. Babban abin da ta cim ma, a ganina, shi ne ta sa an yarda cewa mai nazarin hotunan halittu sana'a ce mai zaman kanta, da kujera da albashi.

A Afirka ma an fara motsi. A 2022 aka ƙaddamar da shirin Africa Microscopy Initiative a Jami'ar Cape Town, inda masana daga ƙasashen nahiyar ke zuwa su yi aiki da manyan madubai su kuma samu horo. Kusa da mu kuwa, a 2021 aka buɗe cibiyar bincike da horarwa ta BioRTC a Jami'ar Jihar Yobe da ke Damaturu, bisa jagorancin Dakta Mahmoud Bukar Maina, masanin ƙwaƙwalwa ɗan jihar da ke aiki a Jami'ar Sussex ta Ingila. Cibiyar tana da madubin nan mai aiki da hasken leza da ake kira konfokal, wanda ke ɗaukar hoton tsoka hawa-hawa, kuma tana tara matasan masana tana horar da su. Damaturu fa, garin da shekarun baya in an ambace shi a labarai sai dai a ji tashin hankali. Wannan ya isa ya nuna cewa abin mai yiwuwa ne a ƙasarmu.

Amma cibiya ɗaya ba za ta ɗauki nauyin yanki guda ba, kuma ina tsoron kada mu mai da abin irin bitar da muka saba: kwana uku a otal, jawabin buɗe taro ya cinye rabin yini, a nuna hotuna a bango, a raba takardar shaida da kuɗin mota, kowa ya kama gabansa. Wannan ilimin ba ya zama a kai ta haka. Mai koyo ya zo da kwamfutarsa da hotunansa na kansa, masu datti da rashin daidaiton haske, domin hotunan misali da ke zuwa da manhaja kullum tsaf suke, kowa yana cin nasara a kansu. A bar shi ya yi kuskure a gaban malami. A yi masa bayani da harshen da zai gane. Babu laifi malami ya sauko ya ce tozon kwano ko gangaren ruwa in hakan ne zai sa abin ya shiga. Sannan, wanda ya fi kowanne muhimmanci, ya san wanda zai nema bayan wata biyu, ranar da ya koma ɗakinsa manhaja ta ƙi yin abin da ta yi a aji. Yawancin masu koyo a wannan ranar suke sarewa su koma ga marfin biro.

Kirana ga shugabannin jami'o'i da asibitocin koyarwa, da hukumomin da ke ba su kuɗin kayan aiki irin su TETFund, shi ne duk lokacin da za a sayi madubi, a sa kuɗin horar da mutum a cikin takardar sayen, tare da kwamfuta mai ƙarfi da wurin adana hotuna. A ware ma'aikaci ko da ɗaya ne a tsangaya, a ce aikinsa ke nan, a kuma sa sunansa a maƙalar da ya yi wa awo, a lissafa masa ita wajen ƙarin girma. In ba a yi haka ba, duk wanda ya ƙware zai tafi inda ake lissafa masa. Darasin kansa kuma ya shiga manhajar karatun masu digiri na biyu a fannin halittu da likitanci da aikin gona, tunda mai auna tabon cuta a ganyen dawa da mai ƙirga ƙwayoyin hanta hanya ɗaya suke bi.

Ita kuwa ɗalibar da na ba ku labarinta, na haɗa ta da wani matashin malami da ya taɓa samun irin wannan horon. Sun zauna yini biyu. Da ta rubuta jerin umarninta na farko ta sake shi a kan hotunan, sai malamin ya ce ta ɗauko littafin nan nata mai sanduna, su kwatanta da hotuna goma. Adadin bai zo ɗaya ba. Suka ɗora layukan a kan hotunan asali, sai ga shi manhajar tana tsallake ƙwayoyin da ke gefen hoto, inda hasken madubin ya raunana. Suka daidaita hasken filin, suka sake gwadawa, adadin ya matso kusa da nata. A hotuna biyu kuma aka gano ita ce ta ƙirga wani sashe sau biyu. Ta gyara, ta rubuta matakan duka a babin hanyoyin bincikenta. Da na sake bi ta wajen, na tarar da ita da wasu ɗalibai uku sun kewaye kwamfutar, tana nuna musu inda ake saita ma'auni.